Gwaggo a tsakanin Safa da Marwa

Talata, Makka.

Har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba. Bayan asuba na raka Gwaggo umra. Ta yi allurar insulin ɗinta ta ciwon sukari, ta ce karin kumallo ya jira mu dawo, kada rana ta buɗe. Na biye mata, nan ne kuskurena.

Ɗawafi ya tafi lafiya lau. Sa'ayi kuwa, tafiyar nan bakwai ta kai kilomita 3. A ta biyar na ji hannunta ya yi sanyi ƙalau cikin nawa, yana rawa. Gumi ya jiƙe hijabinta duk da sanyin da ke wurin, addu'ar da take ja ta fara harɗewa.

Na zaunar da ita a gefe, na soki yatsanta. Na'urar gwajin sukari ta nuna 58. Da zarar sukari ya sauka ƙasa da 70, ba a wasa.

Na huda mata ƙaramin lemon kwali. Ta kau da kai.

"Haba Babana, kashe ni za ka yi? Likita ya hana ni zaƙi. Ɗebo mini zamzam."

"Za ki sha zamzam, Gwaggo, amma ki fara da wannan. Yau zaƙin ne maganin."

Abin da ya fi ba ni wuya ke nan. An cika wa masu ciwon sukari kunne da "kar ki sha, kar ki taɓa", ba a faɗa musu ranar da sukarin zai faɗi. Da ƙyar ta sha rabi, wajen giram 15 na sukari. Wata Balarabiya ta miƙo cakulan, na yi godiya na jefa a aljihu. Maiƙonsa na sa sukarin ya yi nawar shiga jini.

Muka jira minti 15. Na sake gwadawa, 66. Ta shanye sauran, muka ƙara jira. Sai ga 97, bakinta ma ya dawo, har da mitar na sa ta zaman daɓaro a gaban jama'a. Allah ya taimake ni tana iya haɗiya. Da ta suma, ba abin da zan ɗura mata, sai dai in kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya.

Ta ci dabino da gutsuren burodi don kada ya sake sauka, muka ƙarasa biyun da suka rage a keken turawa.

Ɗazu da isha na leƙa ɗakinta, na tarar tana ƙulle alawa uku a haɓar zane.