Jujin da ke saman kawunanmu

Ranar 30 ga Disamban 2024 wani ƙaton zoben ƙarfe ya faɗo daga sama a ƙauyen Mukuku da ke gundumar Makueni a Kenya. Faɗinsa wajen mita 2.5, nauyinsa kusan kilo 500, kuma da zafinsa ya sauka. Hukumar sararin samaniya ta Kenya ta ce ɓangaren roka ne. Allah ya taƙaita, bai faɗa kan kowa ba.

Da na kai labarin majalisarmu bayan Isha'i, wani dattijo da muke kira Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, mu da ambaliya ke cinye wa gidaje duk damina, me ya haɗa mu da ƙarfen Turawa a sama?" Aka yi dariya. Ni dai ban yi ba, domin abin da ya haɗa mu da shi ya fi yadda Baba yake zato.

Hasashen da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke bayarwa na ruwan sama, da wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke yi wa ƙasashen Sahel, kaso mai yawa nasa daga taurarin ɗan'adam yake fitowa. Akwai Meteosat na Turai, wanda ke can nisan kilomita 36,000 yana kallon Afirka dare da rana, yana bin hadari tun daga inda ya fara haɗuwa. Akwai kuma na ƙasa-ƙasa irin su Sentinel-1, mai yawo a nisan kilomita 700 ko ƙasa da haka kaɗan. Shi wannan da rada yake aiki, gajimare ba ya tare masa gani, shi ya sa da irin hotunansa ake zana taswirar inda ruwa ya mamaye. A rana irin ta 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, masu aikin ceto irin wannan taswira suke nema kafin su san unguwar da za su fara tura kwalekwale.

To, a wannan falaki na ƙasa-ƙasa ne sharar tarkacen rokoki da matattun taurari ta taru.

A watan Janairun 2007 ƙasar Sin ta harba makami mai linzami ta tarwatsa wani tsohon tauraronta, Fengyun-1C, don gwajin ƙarfi. Abin takaici, tauraron hasashen yanayi ne ma. Ya fashe gida sama da 3,000 waɗanda ake iya bin sawunsu, ban da ƙanana da na'ura ba ta gani, kuma da yawansu suna can har yau. A Fabrairun 2009 wani tauraron sadarwa na kamfanin Iridium ya yi karo da mataccen tauraron Rasha, Kosmos 2251, a saman Siberiya. Sai kuma Nuwamban 2021, Rasha ta harbe tsohon tauraronta Kosmos 1408, tarkace sama da 1,500 suka watsu, har 'yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ciki har da Rashawa, suka shige kumbunansu suna jiran ko ta-kwana. Amurka ma ta harbe nata a 2008, Indiya a 2019. Kowa da hannunsa a ciki.

Mutum zai ce ɗan guntun ƙarfe me zai yi? Gudun ne matsalar. Abin da ke wancan falaki yana tafiyar kusan kilomita 28,000 a awa guda. A watan Agustan 2016 wani ɗan mitsitsin abu da bai wuce 'yan milimita ba ya bugi farantin sola na Sentinel-1A, ya bar masa tabo mai faɗin santimita 40. Da ya fi haka girma, da an yi asarar tauraron. Tun 1978 wani masanin NASA, Donald Kessler, ya yi gargaɗin cewa idan tarkacen suka yi yawa, karo ɗaya zai haifi wani, wannan ya haifi na gaba, har wurin ya gagari amfani.

Duk wanda ya zauna a unguwa mai kwata ya san wannan hali. Kowa ya fito da daddare ya zuba ledarsa a magudana, tunda ba ta kowa ba ce, ranar da ruwa ya sauko kuma gidan da ke gangare ne ke kwana a tsaye, ko da mai gidan bai taɓa jefa ko bawon gyaɗa ba. A sha'anin sama mu ne gidan gangaren.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne hayaƙin da ke ɗumama duniya yana taɓa can ɗin ma. A nan ƙasa yana ƙara zafi, amma a can ƙololuwar iska sanyaya ta yake yi, sai ta tsuke. Ita kuwa wannan siririyar iskar ce ke rage wa tarkace gudu har su gangaro su ƙone. Idan ta tsuke, shara ta daɗe ba ta sauko ba. Masu bincike na jami'ar MIT sun wallafa nazari a kan haka a 2025.

Doka fa? Akwai yarjejeniyar 1967 kan amfani da sararin samaniya, akwai ta 1972 da ta ce ƙasar da ta harba abu ita za ta biya ɓarnar da ya yi a ƙasa. Da tauraron Sobiyat Kosmos 954 mai ɗauke da makamashin nukiliya ya tarwatse a arewacin Kanada a 1978, Tarayyar Sobiyat ta biya dalar Kanada miliyan 3. Amma babu dokar da ke tilasta wa kowa ya kwashe shararsa. A Disamban 2022 ƙasashe 155 suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya a daina harbe taurari don gwaji. Rasha da Sin suka ƙi, Indiya ta ƙaurace. Ƙudurin ma roƙo ne kawai.

Mu namu taurarin, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, tun 2011 aka harba su, sun daɗe da wuce wa'adin da aka ƙera su a kai. Da idon aro muke kallon kogunanmu. Don haka ina ganin wakilan Najeriya a kwamitin sararin samaniya na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke zama a Biyana bai kamata su yi zaman 'yan kallo ba.

Sai dai kada mu ɗora wa sama komai. NIHSA, hukumar da ke sa ido kan ruwan kogunan Najeriya, na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Duk da haka ruwan da ya afka wa Mokwa a ƙarshen Mayun 2025 ya tarar da mutane suna barci, ya kashe fiye da 150. Hoton tauraron ɗan'adam yana saukowa Abuja. Daga Abuja zuwa kunnen mai unguwa, da limamin masallaci, da gidan rediyon da ke magana da Nufanci ko Hausa, nan ne yake maƙalewa, kuma wannan ba sai mun jira Rasha ko Sin sun sa hannu a takarda ba.