Inda na kai da sassaƙa harafi a dutsen yashi

'Yan uwa masu koyon sassaƙar dutse, na ajiye allon simintin da nake gwaji a kansa, na koma kan dutsen yashi. Haruffa masu miƙaƙƙen layi irin su L da T da H sun fara fita da tsabta. S da O kuwa har yanzu bakinsu marmashewa yake yi, kuma shi ya sa na zauna na karanci dutsen kansa.

Asalinsa yashi ne da ruwa ko iska suka tara, shimfiɗa kan shimfiɗa, nauyin na sama ya danne na ƙasa, sannan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kawo abin da ya liƙe ƙwayoyin. Ƙwayar ba ta wuce milimita 2, yawancinta ƙanƙarar dutse ce, wadda ta fi ƙarfen cizal tauri. Shi ya sa bakin cizal ke dakushewa da wuri, shi ya sa kuma irin dutsen nan ke wasa wuƙar mahauci. Cizal ba ya yanka ƙwayar, ɓamɓare ta yake yi daga 'yar uwarta. Ashe ƙarfin dutsen yana wajen abin da ya liƙe shi. In silika ce, wato sinadarin da ƙanƙarar dutse ta ƙunsa, ka sha wuya amma harafi ya daɗe. In farar ƙasa ce, ya yi daɗin sara, sai dai ruwa mai tsami na cin sa a hankali. In yumɓu ne, kada ma ka ɓata lokacinka. Ja da ruwan ƙasan da kuke gani a jikinsa tsatsar ƙarfe ce.

Kafin in ɗora guduma yanzu sai na goga dutsen da babban yatsa. In yashi ya biyo hannu, na ture shi gefe. Sai in ɗiga masa ruwa in ga ko zai shanye nan take. Sannan in kankaro ɗan gari in matsa lemun tsami a kai: in ya yi 'yan kumfa, akwai farar ƙasa ciki.

Mu na unguwannin Nima da Mamobi a Akra, ƙasar Gana, ba sai mun yi nisa ba. Duwatsun bakin teku daga Jamestown zuwa Osu akwai dutsen yashi a cikinsu, na fiye da shekara miliyan 350, kuma in ruwa ya janye za ka ga shimfiɗunsa ƙarara. 'Yan uwa na Kumasi ku duba tsaunin Mampong da na Kwahu, su ma na yashi ne. Na wajen Aburi kuwa zafi da matsi sun riga sun gasa shi har ƙwayoyin suka haɗe. Ɗan koyo ya ba shi hanya.

Don ganin yadda gwanaye ke yi, na leƙa maƙabartar sojojin yaƙin duniya na biyu da ke Osu, inda na duƙa na lura cewa ramin kowane harafi gangara biyu ne da suka haɗu a tsakiya, kuma inuwar da ke faɗawa ciki ita ke sa a karanta sunan daga nesa. Misali mafi girma na dutsen yashi kuwa a hoto na gan shi: Ƙofar Indiya da ke New Delhi, wadda Edwin Lutyens ya zana don tunawa da sojojin Indiya na yaƙin duniya na farko. An aza harsashinta a 1921, aka buɗe ta a 1931, tsayinta mita 42, da sunaye sama da 13,000 a jikinta. Ku nemi hoton da aka ɗauka kusa, ku ga yadda aka jera tubalan.

Shimfiɗun dutsen nan kamar tabarmin masallaci ne da aka jibge ɗaya kan ɗaya. A gini, kwance ake ajiye shi yadda ya kwanta a mahaƙa. In aka tsayar da shi, ruwa ya shiga tsakanin shimfiɗun, fuskar ta riƙa ɓarewa, harafi ya tafi da ita. A Akra ga ƙarin gishirin iskar teku, wanda ke shiga ramukan dutsen ya bushe ya tsattsaga shi daga ciki. To allon suna dole a tsaye yake. A ganina mafita ita ce a zaɓi dutse mai laushin ƙwaya wanda layukansa ba su fito fili ba, ko da ya fi tsada, kuma a ɗaga shi daga ƙasa mai laima.

Ƙurar dutsen nan ba abin wasa ba ce. Silika tana taruwa a huhu, ciwon kuma ba ya warkewa. Ku jiƙa dutsen, ku yi aiki a waje, ku sa takunkumi na gaske, kada ku share da tsintsiya a bushe.

Abin da ke gabana shi ne S ɗin nan. Zan koma ƙaramin cizal, in rage ƙarfin bugu, in fara tsaga tsakiyar harafin kafin in taɓa gefe. Wanda ya samu dutse mai laushin ƙwaya daga Kwahu, don Allah ya ajiye mini guntu.