Daga gwiwar Inna zuwa jijiyoyin ƙwaƙwalwarta

Shekaru da dama kafin ciwon da ya kwantar da ita, mahaifiyata ta daina yin salla a tsaye. A gidanmu na Tawa akwai wata 'yar kujerar katako da take zama a kai, idan ta sallame sai ta dafa bango da hannu biyu ta miƙe sannu a hankali, gwiwoyinta suna ƙara kamar ana karya karan dawa. Duk lokacin da na yi mata sannu, amsarta ɗaya ce: "Sanyin ƙashi ne, ɗan nan, tsufa ba ya zuwa shi kaɗai." A ƙarƙashin matashinta kuwa akwai gwangwanin madara cike da ƙwayoyin da ake saya a hannun masu talla, tana haɗiyar biyu da safe, biyu da dare, kuma babu wanda ya taɓa tambayar sunansu a cikinmu.

Wata safiya ta hunturu ludayin fura ya suɓuce daga hannunta na dama, bakinta ya karkace, maganarta ta sarƙe. Aka wuni ana tofi da hayaƙi, wasu na cewa iska ce, sai washegari muka kai ta likita, inda aka tarar tansiyonta, wato awon hawan jininta, ya hau sosai har ya kai 19. Daga can aka tura mu Yamai, hoton sikana ya nuna cewa wata jijiyar jini ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarta, abin da ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki. Likitan da ya duba ta ya zazzage gwangwanin a kan tebur, ya ware magungunan kashe zafin ciwo iri biyu, diklofenak gefe guda, ibuprofen gefe guda, ya ce mini: "Malam, ba zan rantse cewa waɗannan ne suka kayar da Hajiya ba, amma shansu kullum yana tayar da hawan jini, yana kuma gajiyar da ƙoda." Tun daga ranar na shiga karanta abin da masu bincike suka gano, domin ban taɓa zaton akwai wata hanya tsakanin gwiwa da ƙwaƙwalwa ba.

Abin da muke kira sanyin ƙashi a jikin tsofaffi, galibi zaizayewar guringuntsi ne, wato farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa a gaɓa. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, saboda haka idan ya lalace da wuya ya gyara kansa. A da ana ɗaukar ciwon tamkar cinyewar tayar mota, amma bincike ya nuna cewa gaɓar ce gaba ɗaya take ciwo, har da ƙashin da ke ƙarƙashi da fatar da ke kewaye da ita, tare da wani kumburi mai ci a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane kusan miliyan 528 ne ke fama da shi, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya tafi. Abin da ya tabbata yana da amfani shi ne motsa gaɓar, da ƙarfafa naman cinya, da rage ƙiba, domin wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage, nauyin da ke sauka a kan gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo huɗu.

A nan ne hanyar ta bayyana a gare ni. Wanda gwiwa ta dame shi yakan daina tafiya, zama ya ƙara masa jiki, jikin ya ƙara wa gwiwar nauyi, sannan ya nemi sauƙi a wurin ƙwayoyin da ke tayar da jini. Hawan jini kuwa shi ne babban abin da ke lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ko dai ya toshe su ko ya fasa su.

Binciken da ya fi shiga raina shi ne wanda ake kira SIREN, da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa. Sakamakon da suka fitar a 2018, bayan kwatanta masu shanyewar ɓarin jiki fiye da dubu biyu da takwarorinsu masu lafiya, ya nuna cewa hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma na masu ciwon, kuma kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce ta same su, abin da ya zarce yadda ake gani a Turai nesa ba kusa ba. Sun kuma gano cewa masu cin ganye kullum sun fi samun kariya, yayin da masu barbaɗa gishiri a kan abinci suka fi shiga haɗari. Na daɗe ina tunanin wannan, domin zogale da rama da yaɗiya da wasunmu suke rainawa a matsayin abincin talaka, su ne binciken ya yaba, alhali tukunyarmu ta yau cike take da gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Ina ganin darajar wannan aiki ita ce an yi shi a jikin mutane masu cin irin abincinmu, kuma ina fatan ganin irinsa daga malaman likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da alƙaluma na Adar da Arewa da Damagaram.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta kayar da mutum nan take. Ƙananan jijiyoyin da ke can cikin ƙwaƙwalwa sukan taurare su tsuke shekara da shekaru, mutum ya fara mantuwa, tafiyarsa ta zama ta jan ƙafa, mu ce ruɗin tsufa ne. Wannan shi ne na biyu cikin abubuwan da ke kawo gushewar tunanin tsofaffi, bayan cutar Alzheimer. A 2019 wani gwaji da aka yi a Amurka ya nuna cewa saukar da hawan jini sosai ya rage aukuwar matakin farko na raunin tunani da kusan kashi 19 cikin ɗari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wunin da muka ɓata a gida. Allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon, kuma sai hoto ya tabbatar ba fashewa ba ce, ga shi tsakanin Tawa da Yamai akwai tafiyar kilomita sama da 500. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, da mun haɗa su tun da safe.

Yanzu Inna ta koma Tawa. An rubuta mata amlodipin, maganin hawan jini, an maye gurbin gwangwanin da man shafawa da farasitamol, ƙanwata kuma tana auna jininta kowace Litinin da Alhamis ta rubuta a wani littafin makaranta. Hannunta na dama bai dawo daidai ba, amma bayan la'asar takan riƙe sandarta ta taka daga ƙofar ɗaki zuwa gindin dogon yaron da ke zaure, ta huta, ta dawo, kuma a makon jiya ta gaya mini a waya cewa ta yi sawu uku.