Kaka Huɗu da Farin Tartufo a Wani Kicin Kusa da Alba

Ranar da uwar ɗakina ta fara miƙo mini farin tartufo, na ɗauka hogen ƙasa ne aka tsinto a gona. Girmansa kamar ƙwan agwagwa, launinsa kamar dankalin Turawan da ba a wanke ba. Ta ce in sansana. Ƙamshin ya shige mini har cikin kai: akwai tafarnuwa a ciki, akwai zuma, akwai ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka, sannan can ƙasa-ƙasa wani abu da ya tuna mini da daddawar gida. Ta ɗora shi a sikeli ta faɗi kuɗinsa. Ya kusa abin da nake samu a mako guda ina wankin kwanuka.

Inda nake aikin ƙaramin gidan abinci ne a tuddan Langhe, kusa da garin Alba a yankin Piyamonte, arewa maso yammacin Italiya. Shi tartufo dangin naman kaza ne, amma ba ya leƙo waje. A cikin ƙasa yake girma, manne da saiwar wasu itatuwa, ciki har da nochola, wadda kamfanin Ferrero na nan Alba yake zuba 'ya'yanta a Nutella. Wani likita a Torino, Vittorio Pico, shi ya raɗa wa farin sunansa na kimiyya a 1788, Tuber magnatum, wato na manya. Baƙin tartufo an daɗe ana nomansa a Faransa da Sifen. Farin kuwa har yanzu kusan duk wanda ke kasuwa daga daji aka tono shi, daga kaka zuwa ƙarshen Janairu, kuma ruwan saman Yuli da Agusta ne yake yanke hukuncin yawansa. Idan aka yi fari, etto ɗaya, wato giram 100, yakan haura Yuro 400.

Masu tonon ana ce musu trifolau. Da dare suke fita, su da karensu da fitila da wata 'yar fartanya, don kada wani ya ga inda suka durƙusa. Wurin tono sirri ne da uba ke gaya wa ɗansa, wani lokaci sai ya ji ajali ya matso. Da farko na yi ɗari-ɗari, don na ji ana cewa alade ke nemo shi. Ashe tun 1985 dokar Italiya ta ce da kare za a yi, saboda alade yana lalata ƙasar da saiwar. Har makarantar koyar da karnuka akwai a ƙauyen Roddi tun 1880, kuma a 2021 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun duniya da ake karewa.

Dattijon da ke tono mana yakan ƙwanƙwasa ƙofar baya jim kaɗan bayan na idar da asuba, takalmansa duk taɓo. Ya kwance ƙullin hankici a kan teburin ƙarfe, shi ke nan an buɗe kasuwa. A nan na koyi saye, ina tsaye a gefe da tsumma a hannu. Sinyora, wato uwar ɗakina, ba ta fara kallon sikeli. Hanci take fara sawa, ta juya abin ta sansana kowane ɓangare, domin yakan yi ƙamshi ta nan, ta can kuma ya soma ruɓa. Sai yatsa: ta ɗan matsa a hankali. Mai kyau yana da tauri ba tare da ya ƙandare ba. Idan ya lotsa ya wuce, idan ya yi sakayau a hannu ya bushe. Daga nan ta ɗauki tsinke tana bin ramukan. Dattijonmu mai amana ne, amma a kasuwa akwai masu cusa laka a ramin da tsutsa ta ci don ya yi nauyi, akwai masu haɗa ɓallayen biyu da tsinken sakace su shafe da ƙasa. Giram biyar na laka a wannan farashi ba wasa ba ne. Akwai kuma ɗan uwansa, biyanketto, mai kama da shi a ido. Shi daga Janairu yake fitowa, ƙamshinsa tafarnuwa ce zalla mai kaifi, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa ba. Saboda irin wannan ne a babbar kasuwar baje kolin Alba, wadda ta samo asali tun ƙarshen shekarun 1920 lokacin mai otel Giacomo Morra, ake ajiye alƙalai da ke duba kayan kafin a sayar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙin sayen da take yi. Dattijon ya kawo goma masu kyau, ya rage mata kuɗi idan za ta kwashe duka, ta buɗe littafin waɗanda suka kama teburi na kwana uku, ta ɗauki huɗu. Ni da na taso ina ganin ana sayen hatsi da kaka a zuba a rumbu, sai na ga kamar asara take yi. Sai da na yi tawa ɓarnar na gane.

A kaka ta biyu aka fara bar mini ajiya. Wata Lahadi da dare, saura guda biyu, kuma ba ma buɗewa ran Litinin. Na yi tunanin ƙamshin nan shi ne kuɗin, bai kamata ya fice ba. Na naɗe su a leda na ɗaure tamau, kamar yadda ake yi wa turaren wuta, na sa a firji. Ran Talata da na kwance, ledar ta yi gumi, fatarsu ta yi yauƙi, ƙamshin ya koma zarni. Jikina ya yi sanyi. Na kai mata na ce, "Sinyora, laifina ne, a cire a albashina." Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Ɗana, abu ne mai rai, numfashi yake yi. Ka toshe masa hanci." Ba ta cire ko sisi ba. Ta ɗauko kwalba ta nuna mini da hannunta.

Kowanne a naɗe shi daban a busasshiyar takardar goge hannu, da sauran ƙasarsa, kada ruwa ya taɓa shi. A sa a kwalbar gilashi mai murfi, a ajiye a ɓangaren firji mai sauƙin sanyi, wajen digiri 2 zuwa 4. Kullum a buɗe ya sha iska, a sauya takardar, don takan jiƙe da ruwan da yake fitarwa. Wannan ruwan nauyi ne da ke tafiya: ina aunawa kowace safiya ina rubutawa, kuma kowace safiya lambar ta ragu. Duk iya kulawarka, mako guda ne iyakarsa, kuma kwana ukun farko su ne na gaske. Wasu na binne shi a shinkafa. Shinkafar za ta yi daɗi, shi kuwa ta tsotse shi. Ɗanyen ƙwai ne muke sawa a kwalbar, ƙamshin ya ratsa ɓawon ya shiga ƙwanduwa ba tare da an cutar da komai ba.

Wuta ba ta ganinsa. Wannan doka ce ba ta da sai dai. Idan aka dafa farin tartufo ƙamshin ya tashi ya bar ka da abu kamar katako. Sai an kusa kai shi teburi ake goge ƙasar da ɗan burushi mai laushi, a kankare shi da wata reza ta musamman, fale-fale har kana hango haske ta ciki, a kan abinci mai ɗumi. Ɗumin da maiƙon su ne ke tashe shi. Abincin kuma dole ya zama mai kawaici: tayarin, siririyar taliyarsu da ake kwaɓawa da ƙwanduwa zalla a juya da man shanu, ko soyayyen ƙwai mai ruwa-ruwa, ko narkakken cukun Fontina, ko ɗanyen naman shanun Fassona da aka daddatsa da wuƙa. Ni mai son yaji ne, amma na yarda yaji ba shi da wuri a nan. Man da ake sayarwa a kwalba da sunan man tartufo kuwa, yawancinsa sinadari ɗaya ne aka haɗa a masana'anta. Uwar ɗakina ba ta yarda ya tsallake ƙofarta ba.

A kaka ta huɗu ni nake fita da sikeli. Ana auna tartufon a gaban baƙo, a kankara, a sake aunawa, ya biya bambancin. Giram 8 zuwa 10 ya ishi faranti. Hannu yakan so ya zarce, musamman idan baƙo ya shagala da hira yana murmushi, kuma kowane motsin reza kuɗi ne ga gidan. Ta koya mini in tsaya a giram biyar in ɗago kai in tambaya. Na ga mutanen da suka yi shekara suna tara kuɗin wannan faranti ɗaya, tsoho da matarsa sun zo daga nesa a jirgin ƙasa. Irin waɗannan nakan faɗa musu lissafin a hankali tun kafin in fara, yadda teburin gefe ba zai ji ba.

Daren ƙarshe na Janairu, bayan baƙi sun watse, Sinyora takan soya ƙwan da ya kwana a kwalba, ɗaya-ɗaya ga duk ma'aikatan kicin, har da sabon yaron da ya gaje ni a wankin kwanuka. Ta kankare guntayen da suka saura a kai, mu ci a tsaye da burodi. Washegari in wanke kwalaben, in shanya su, in kife a saman kanta sai Oktoba.