Boris ɗin sandar sitiyari da rigimar kuɗin hannu

Cikin duk ayyukan da ake kawo mana gareji, babu wanda ke jawo mini doguwar jayayya da masu mota kamar canza boris ɗin sandar sitiyari, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki da sandar ke juyawa a kansa. Abin da za a canza bai cika tafin hannu ba, kuɗinsa ma bai taka kara ya karya ba, amma kuɗin hannu sai ya ninka shi sau uku ko huɗu. Mai mota ya juya boris a hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Haba maigareji, don wannan ɗan zoben?" Ina da amsa, sai dai ba a tsaye cikin rana a bakin mota ake gama ta ba.

Garejina yana Garwa, a arewacin Kamaru, ni da yarana masu koyon aiki da wani abokin sana'a mai gyaran waya. Yawancin abin da muke taɓawa a-kori-kura ne: Hilux tsoho da sabo, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, jefi-jefi L200. Su ne ke ɗauko masara da gyaɗa daga Ngong, su ci kasuwar Pitowa ran Lahadi, su bi fataken shanu Adumri ran Alhamis, su kutsa ƙauyukan auduga na wajen Cholire da Rai Buba inda hanya burji ce zalla. Motar da ke wannan yawo, kowane noti a jikinta yana shan girgiza, balle sitiyarin da direba ke riƙe da shi wuni guda.

Daga sitiyarin da ake kamawa akwai sandar ƙarfe da ta gangara ta cikin wani bututu, ta ratsa ƙasan dashbod, ta haɗu da kuros, wato gaɓar da ke ba ta damar juyawa a karkace, sannan ta isa inda ake juya tayoyi. A tsohon Hilux da Land Cruiser akwati ne a can ƙasa, daga samfurin 2005 kuwa Hilux ya koma rak, wato sanda mai haƙora da ke tura tayoyi hagu da dama. Ko wanne ne, sandar ba ta gogar bututun, boris ne ke riƙe da ita a sama dab da sitiyari, a ƙasa kuma wani boris ko bushin, ya danganta da motar. Na saman shi ya fi mutuwa a wurinmu.

Ƙura ce ta farko wajen kashe shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo ba ya barin ko'ina, direbobinmu kuma gilas a sauke suke tafiya. Ƙurar ta bi ta ƙarƙashin murfin roba ta sami giris, su haɗu su zama wani jan kwaɓi mai cin ƙarfe. Zafin Maris da Afrilu, da yakan wuce digiri 40, ya zo ya busar da ɗan maiƙon da ya rage. Sai gargadar hanya. Amma akwai wata ɗabi'a da nake faɗa da ita kullum: direba ya kama sitiyari ya ja jikinsa sama don ya hau mota. Land Cruiser doguwa ce, na sani, amma ga mariƙi nan kamfani ya sa a jikin ginshiƙin ƙofa. Mutum mai kilo 90 ya rataya a kan boris ɗin da aka yi don juyi kawai, safe da yamma, shekara da shekaru, me ake jira?

Inda aikin yake da gaske shi ne gane ciwon. Direba ba ya zuwa ya ce boris ya mutu. Cewa yake, "Maigida, sitiyarin nan yana wasa," ko "akwai abin da ke ƙara in na sha kwana." Wasa kuwa iri biyu ne, wanda bai raba su ba zai sa mai mota ya sayi abin da lafiyarsa ƙalau. In ka juya sitiyari hagu da dama, ya tafi ɗan nisa kafin taya ta motsa, wannan wasan juyi ne. Littafin Toyota ya yarda da shi har milimita 30 a bakin da'irar, abin da ya wuce haka sai a leƙa ƙasa: tayarod, boljoyin, kuros, ko akwatin kansa. Boris ba ruwansa. Wasan boris dabam yake. Nakan zauna a kujerar direba, inji a kashe, in kama sitiyari sama da ƙasa da hannu biyu, in ɗaga in danna, in tura gefe da gefe ba tare da na juya ba. In ya yi ƙwas-ƙwas, kuma bututun bai motsa tare da shi ba, to an zo wurin. In kuwa bututun duka ne ke rawa, wataƙila notunan da suka ɗaure shi da dashbod ne suka saki, ko hannun da ake ɗaga sitiyari a sauke da shi. Wannan aikin minti kaɗan ne, sau da yawa ba na karɓar ko dala a kansa.

Ƙara ita ce mai ruɗi, don ƙarfe yana kai sauti nesa. Kuros ɗin ƙasa ya bushe, ka ji kukan kamar daga cikin hon yake fitowa. Saboda haka mukan ɗaga gaban mota a jak, mu kwance kuros, mu bar sandar ita kaɗai, sannan in juya da ɗan yatsa ɗaya. Lafiyayyen boris shiru yake bi. Mataccen kuwa za ka ji gurus-gurus a yatsanka tun kafin kunnenka ya ji, wani wuri ya riƙe, wani wuri ya sake. Nakan kira mai motar ya sa nasa yatsan. Daga nan rabin gardama ta ƙare.

Kafin a taɓa komai, tayoyi su miƙe sak, a cire kan batir. In motar mai jakar iska ce a sitiyari, sai a dakata aƙalla sakan 90 bayan cire batir, don akwai sauran wuta da ke maƙale a na'urar. Jakar in an ciro ta, fuskarta sama ake ajiye ta, nesa da inda yara ke walda. Sannan a yi alama a kan sanda da cibiyar sitiyari, a yi wata a kuros. Mu da jan farce muke yi, ya fi alli zama, ga arha. Mai shagon kusa da mu har ta daina tambayar abin da gardawa ke yi da shi. Haƙoran sandar ƙanana ne, in ka kuskure ɗaya, mota tana tafiya miƙe sitiyari yana kallon gefe.

Babban notin tsakiya, sifana lamba 19 ke kama shi a yawancin Toyota, ba a cire shi gaba ɗaya. A sassauta, a bar shi a 'yan zare, don ranar da sitiyari ya saki da ƙarfi kada ya tashi da haƙoran mai ja. Akwai ramuka biyu masu zare a cibiyar, nan ake ɗaura ƙarfen jawowa, a matsa a hankali har ya ɓalle.

Guduma kuwa na hana ta a wannan aiki, kuma duk yaron da na kama ya ɗaga ta a kan sanda, ranar wankin kayan aiki zai yi har magariba. Tun ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin mota suka koma yin sandar sitiyari gida biyu, ɗaya cikin ɗaya, don in an yi karo ta shige cikin kanta maimakon ta soki ƙirjin direba. A yawancin motoci ɗan abin da ke riƙe gidajen biyu roba ce aka zuba. Duka ɗaya mai kyau ya isa ya karya ta. Ba za ka ga komai a ranar ba. Bayan wata biyu mota ta dawo da sabuwar ƙara, sanda ta gajarce ko tana zamewa, kuma yanzu ba maganar boris ake ba, maganar sanda sukutum ake. Irin waɗannan suna zuwa mana daga hannun masu gyaran bakin hanya, kan zaren sandar ya baje saboda duka, noti ma ba ya hawa.

Bayan sitiyari akwai wani faifan roba da siririyar waya a nannaɗe cikinsa, ita ke kai wuta ga hon da jakar iska alhali sitiyari yana juyawa. Iyakarta kamar juyi biyu da rabi kowane gefe daga tsakiya. In aka bari ta warware aka mayar yadda aka ga dama, kwanar farko da direba zai sha har ƙarshe sai ta tsinke, hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama. Kuɗin wannan faifan ya fi na boris nesa ba kusa ba, shi ya sa da an ciro shi muke liƙe shi da salatif. Sai a kwance sandunan sigina da waifa, a sauke bututun duka a kai kan tebur. Kusar da ta matse kuros sai an zare ta ɗungum, don ta ratsa wani gurbi ne a jikin sanda, sassautawa kawai ba ta sakinta. A wasu motocin sai an cire gidan makulli, shi kuma kusoshinsa da gangan aka yi su kansu ya karye wajen ɗauri, saboda ɓarayi. Sai da kurfi ko na'urar huji ake fitar da su, kuma nan kaɗai yakan ci awa guda.

Boris ɗin kansa wani zoben ƙarfe mai baki ne ke tsare shi. A buɗe zoben da filaya, sanda ta fita ta ƙasa, a turo tsohon. Nakan wanke shi da kananzir in zuba a farin kyalle don mai mota ya gani: ƙwallayen sun yi tabo-tabo, wasu sun daina zama kewayayyu, ragar da ke raba su ta karye, jan garin tsatsa yana bin kananzir. Sabon kuma a matse shi da soket daidai faɗin zobensa na waje, da matsi, ba da bugu ba. Wajen mayar da zoben tsaro, gurbinsa yakan ƙi fitowa. Sai a sa guntun bututu da notin sitiyari a jawo sandar sama a hankali har gurbin ya bayyana, a ji zoben ya faɗa ɗas.

Samun boris na kirki ma wani aiki ne. Kayanmu hanya biyu suke zuwa, ko daga Duwala, wajen 'yan kayan mota na Camp Yabassi, su biyo ta Ngaundere, ko daga Najeriya ta Yola da Mubi. Ta kowace hanya akwai na gaske akwai jabu, kuma kwalin jabu yanzu har ya fi na gaske kyau. An rubuta Koyo ko NSK, ka juya shi a hannu ka ji yana rawa tun bai shiga mota ba. Ni rubutun da aka zana a jikin ƙarfen nake dubawa, da nauyinsa, da yadda yake juyi. A sababbin motoci kuma sau da yawa ba a sayar da boris shi kaɗai, sai bututun duka. Nan sai mu auna tsohon mu nemi daidai shi, in ba a samu ba mu nemi bututu na hannu, ɗan Beljiyam, wanda bai taɓa karo ba.

Wanda ba na karɓa shi ne sandar da ta lanƙwashe a hatsari aka miƙar da wuta, ko aka yi mata walda a tsakiya. Masu ita sukan ce, "Maigareji, ka sa mana boris kawai mu lallaɓa, kaka ta kusa." Nakan ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, motar nan gangaren dutsen Ngaundere za ta sauka da buhu a baya da mutane a kan buhu." Sabon boris a karkatacciyar sanda ba ya daɗewa, walda kuma ba ta sallama kafin ta karye. Wasu su yi fushi su ja motarsu zuwa wani gareji. Waɗanda suka yarda, mu buga waya Duwala, a ɗauko hoton bututun da lambarsa a turo ta WhatsApp, Alhaji ya biya rabi, motar ta koma ƙarƙashin dalbejiya ta jira kaya.