Wa ya gaya maka?

Rahoto mai shafi goma sha ɗaya na rubuta wa kotu, amma jimla ɗaya tak lauyan gwamnati ya kama, kuma da ita ya rusa min aikin mako uku.

Kotu ce ta nemi ni, a matsayin ƙwararre, in duba lafiyar ƙwaƙwalwar wani matashi da ake tuhuma da saran maƙwabcinsa da adda. Na zauna da shi sau huɗu a gidan gyaran hali, na yi masa gwaje-gwajen da aka saba, na ji ta bakin danginsa. Sai a shafi na uku na rubuta: "Shekara biyar ke nan yana jin muryoyi." Haka kawai, kamar tare muka riƙa jin su.

Ranar ba da shaida, lauyan ya karanto jimlar a hankali, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, wa ya gaya maka?" Na ce yayansa. "Akwai katin asibiti?" Babu, wurin mai ruƙiyya suka riƙa kai shi. "To, maganar mai son a saki ƙanensa ita ka mayar binciken masana?" Kafin in buɗe baki gumi ya jiƙa min riga.

Har yau abin yana cin raina, domin ina da hujjojin da na gani da idona: yadda yake katse magana ya waiga yana amsa wa wanda babu shi, da rahoton ma'aikatan gidan cewa ba ya barci. Sashe na 51 na dokar Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya, yana tambaya ne ko a lokacin da mutum ya aikata abin ya san abin da yake yi, ko ya san laifi ne. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre, amma alƙali ba dole ne ya ɗauka ba. Da zarar jimla ɗaya ta yi rauni, sai ya fara shakkar sauran.

Yanzu ba na barin layi ya fita ba tare da mai shi ba: "yayansa ya ce," "shi ya shaida min," "na lura." Ra'ayina kuwa yana can ƙarshe shi kaɗai, da dalilansa a gefensa. Idan dangi suka faɗi abin da babu takardar da ta tabbatar, sai in rubuta hakan ƙarara.

Mai Shari'a ya ba da umarnin a sake duba matashin a wani wurin. Wata bakwai ya ƙara yi a tsare yana jiran wannan rahoton na biyu.