Mako na tara: littattafai uku suka shigo, ɗaya sai da basilla

Assalamu alaikum 'yan uwa da muke koyon gyaran tsofaffin littattafai tare. Ranar Asabar bayan la'asar na leƙa shagon nan na tsofaffin littattafai da nake yawan ba ku labari, a nan Madina, na fito da biyu. Na ukun kyauta ne, kuma shi ya fi tsaya mini a rai, amma bari in bi da ku daki-daki.

Na farko ƙaramar Ajurrumiyya ce, riyal 5, sabon bugu mai wasali. Ba ta bukatar gyaran komai. Na saye ta ne don ɗana, kamar yadda aka fara mana nahawu da ita a zaure. Marubucin littafin ya rasu a Fas ta Maroko a shekara ta 723 bayan Hijira, ga shi har yau yaran Hausawa da shi suke buɗe baki.

Na biyu shi ne aikin makon. Juzu'in farko ne na Hashiyar Adawi, wato ƙarin bayanin Malam Adawi a kan sharhin Risala ta fiƙihun Malikiyya, tsohon bugun Alƙahira, irin mai takarda ruwan ɗorawa. Hashiyar na tsakiyar shafi, sharhin ya zagaye ta a gefe, babu wasali ko ɗaya. Mai shagon ya ce in ba da riyal 20 tunda babu juzu'i na biyu, kuma bangon ya rabu da jikinsa. Ban yi ciniki ba. A garin Imamu Malik a samu littafin Malikiyya yashe a ƙasan kwali, ai ba a barinsa.

Da na kwance ledar a gida sai na tarar ba bango kaɗai ba ne, zaren ma ya ruɓe, takardun sun hautsine. Da farko na fara bin lambar shafi ɗaya bayan ɗaya, sai na lura da wani abu da nake so ku duba a naku littattafan. A can ƙasan wasu shafuka akwai 'yar ƙaramar lamba tare da taƙaitaccen sunan littafin. Ashe masu ɗab'i ne suke sa ta a farkon kowane ɗauri na takardu, wanda Larabawa ke kira malzama, don mai ɗinki ya san wanne ke bin wanne. Da na bi wannan lambar, aikin da na zaci zai ci mini dare biyu sai ya ƙare kafin isha'i. Babu ɗaurin da ya ɓata, alhamdulillahi.

Ɗinkin ne ya ba ni wuya. Na yi amfani da basilla da zare mai kauri da na goga wa kakin zuma, na bi tsofaffin hujojin ban huda sababbi ba. Ɗauri huɗu na farko sun tafi lafiya. A na biyar na ja zaren da ƙarfi, sai na ji ƙyas, takardar ta tsage daga huji zuwa huji. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin laifina ne. Irin wannan takarda ta riga ta bushe, iskar Madina kuma babu laima a cikinta, ba ta jure ja. Ku riƙa jan zare a kwance, ta inda ɗinkin ya nufa, kada ku ɗaga shi sama.

Kuma don Allah ku rabu da salatif. Wanda ya riga ni mallakar littafin ya manna shi a shafi uku, yanzu ledar ta ɓare ta bar tabo ja mai maiƙo, ya ratsa har bayan takardar, layi biyu ba sa karantuwa. Ni sitacin alkama na dama da ruwa, na dafa a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi kamar koko mai kauri, na bar shi ya huce, sannan na shafa a siririyar takarda na liƙe tsagar. Na sa ƙyalle a kai, na danne da littattafai masu nauyi har wayewar gari. Ya kama, kuma shafin bai tattare ba. Amfanin sitaci shi ne ko bayan shekaru aka so cire shi, ɗan danshi ya isa.

Na ukun, wani dattijo maƙwabcinmu ne ya kira ni bayan sallar asuba. A Makka aka haife shi, Hausarsa tana da gardin ta mutanen da. Kakansa yana cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Nilu a Sudan, daga baya ya ƙetaro ta Sawakin zuwa Jidda. Ya miƙo mini wata tsohuwar gafaka, ya ce, "Ɗana, na ji kana ɗinka littattafai. Jikokina Larabci kawai suke karantawa, duba mini wannan."

Na ce, "To Baba, Allah ya saka da alheri," na karɓa da hannu biyu.

A ciki akwai tadarishi na fata, wato bangon da ake sa takardu a ciki, da warƙa (fallen takarda) 14, waƙar wa'azi ce da ajamin Hausa, tawada baƙa, wasulla da ja. Rubutun irin namu ne na allo: fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Na daɗe ina karatun bugun gabas har idona ya saba da nasu, sai da na yi baiti uku ina tuntuɓe kafin harshena ya warware. Da na karanta masa da ƙarfi, sai ya riƙa ƙarasa mini ƙarshen baitocin da ka. Ya ce a bakin mahaifiyarsa ya ji su.

Wannan ba zan ɗinka shi ba, kuma na gaya wa Baba dalili. Littattafanmu na hannu ba a ɗinke ake yin su ba, warwatse suke zama a cikin tadarishi, kalmar farko ta warƙa mai zuwa tana rubuce a ƙasan wadda ta gabace ta. Da ita na jera su, na kuma gane warƙa ɗaya ta ɓata tsakanin ta 9 da ta 10, domin kalmar ba ta haɗu ba. Huda su zai zama ɓarna. Abin da zan yi shi ne in yanka kwali biyu daidai girmansu, in gyara igiyar gafakar da ta tsinke, in ɗauki hoton kowace warƙa da waya.

Baba ya ce in zo masa da takarda da biro ranar Juma'a bayan an sauko, zai gwada tuno baitocin warƙar da ta ɓata. Wanda ya taɓa gyara fatar da ta bushe ta fara tsattsagewa a cikinku, ya faɗa mini me ya shafa mata, don ban taɓa gafakar da komai ba tukuna.